Amsoshin Tambayoyinku: Shin Dunƙulewar Duniya Za Ta Haɗiye Al'adunmu?

TAMBAYA

Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Suleja, a nan na yi aure kuma a nan na haifi 'ya'yana. Abin da ke damuna shi ne, in na yi wa ƙananan magana da Hausa sai su mayar mini da Turanci ko broka. Babbar 'yata za ta yi aure bayan Sallah, ta ce ita ba ta son kamu irin na da, dina take so da hotunan kafin biki. Yayansu da ke karanta ilimin zamantakewa a jami'a ya ce mini wai dunƙulewar duniya ce, ba mai iya tare ta, nan gaba kaɗan kowa zai zama iri ɗaya. Malam, gaskiya ne? Al'adarmu ƙarewa za ta yi? Kuma in na karɓe wayoyin hannunsu, zai yi magani?

Daga wata uwa, unguwar Magajiya, Suleja.

AMSA

Allah ya raya zuri'a, ya sanya alheri a auren da ke tafe. Ki yi haƙuri da ni, zan ɗan yi nisa da ke kafin in iso kan waya, domin ita ce mafi sauƙin amsawa, kuma a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ɗanki bai ƙagi maganarsa ba, akwai masana masu wannan ra'ayi. Wani Ba'amurke mai suna George Ritzer ya fitar da littafi a 1993, yana cewa tsarin gidajen abincin McDonald's, inda ake auna komai da minti da kwabo, kuma abin da ka ci a wannan gari shi za ka ci a wancan, yana ta mamaye makarantu da asibitoci da wuraren aiki a faɗin duniya. Kusan shekara 600 kafin shi, Ibn Khaldun ya lura cewa wanda aka fi ƙarfi yakan kwaikwayi wanda ya fi ƙarfinsa a sutura da ɗabi'a, saboda zuciyarsa ta riga ta yarda cewa kamala tana wajen wancan. In kika ga yaro a Kwamba da rigar Arsenal da aski irin na mawaƙan Amurka, za ki ce maganarsu ta tabbata.

To amma ki ce wa ɗanki ya nemi aikin Ulf Hannerz, mutumin ƙasar Suwidin. Shi Kafanchan ya zo ya zauna a shekarun 1970, garin da jirgin ƙasa ya tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da ƙabilun kudancin Kaduna wuri guda. Abin da ya gani shi ne mutane ba sa karɓar baƙon abu yadda ya zo. Sukan zaɓa, su sake masa fasali, su cakuɗa shi da nasu, har wani abu na uku ya fito wanda babu shi a can inda aka ɗauko, a nan ma a da babu shi. Hannerz bai ce hakan na nufin an tsira ba. Ya ce hanya biyu ce: ko dai kayan waje su yi ta kwararowa har bayan 'ya'ya da jikoki na gida ya nutse, ko kuwa mutanen gida su ƙware a sarrafa baƙon har ya zama nasu. Wacce za a bi, ya danganta da halin da mutanen ke ciki. Kin ga ke nan cewa ba mai iya yin komai ba ita ce matsayar duk masana ba.

Finafinan Indiya misali ne da kowa ya sani. 'Yan Labanan masu gidajen silima suka kawo su Arewa tun shekarun 1950. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa Hausawa sun rungume su fiye da na Amurka ne saboda sun ga kansu a ciki: auren dole, kunya tsakanin saurayi da budurwa, biyayya ga iyaye, zaman gandu. Daga nan fim ɗin Hausa na bidiyo ya tashi da Turmin Danya a 1990, masu bandiri kuma suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana rubutu kan wannan. Kuma ki lura, duniyar da ke shigo mana ba daga Yamma kaɗai take zuwa ba. Abaya da jallabiya daga Saudiyya da Dubai suke. Keke Napep daga Indiya, wayar Tecno daga Sin, Indomie asalinta Indonesiya. Sunaye irin su Ladi da Talatu da Tanko da Delu, ba sunayen Turawa ne suka ture su a gidajenmu ba, na Larabawa ne.

Yanzu mu dawo gida, don tarihin Suleja ya fi duk waɗannan littattafai amsa tambayarki. Lokacin da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa har Zuba. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828, aka ja ganuwa. Mutanen nan sun taso da sarautunsu na Haɓe, Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu da sauransu, suka riƙe su gam, har ta kai da M. G. Smith ya zo rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, wajen Abuja ya duba don ya san yadda tsarin yake kafin jihadi. Wato garin nan an kafa shi ne don a tsare wani abu kada ya ɓace. Duk da haka bai daɗe a rufe ba. A zamanin Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe ciniki da Bida da Zariya, wato da waɗanda aka guje wa. Turawa suka shigo a 1902. Aka fara haƙar kuza a zamanin Musa Angulu. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, ɗan Kwalejin Katsina ne, kuma a zamaninsa ne, a 1952, aka buga tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta. Boko ya shigo fada, aka yi amfani da shi wajen adana labarin kakanni.

Ko tuwon masarar da muke kira abincin gargajiya, masarar daga nahiyar Amurka ta zo bayan shekarar 1500, ita da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir. Atamfar da za a zuba a lefen 'yarki, fasaharta ta mutanen Indonesiya ce, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo Afirka ta Yamma. Babu wanda yake jin ya bar al'adarsa don ya ci ƙuli-ƙuli.

Labarin da nake so ki tsaya a kansa shi ne na Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali, ta koyi ginin tukwane tana yarinya a hannun wata daga cikin iyayenta mata, irin ginin da ake yi da hannu, ana ɗora yumɓu zagaye-zagaye, maginiya tana kewaya tukunyar tana jan bakinta sama. Sai ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi a jiki, a tara tukwanen a fili a rufe da itace da ciyawa a cinna wuta. Sarki Sulaimanu Barau yana sayen tulunanta yana ajiyewa, kuma a wajensa ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya fara ganin su. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin nan a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juya yumɓu, ta yi kwanuka da farantai irin na teburin Bature. Manyan tulunanta kuwa ba ta daina gina su da hannu ba, zanenta ma bai canza ba. Abin da aka ƙara shi ne ruwan ƙyalli a jiki, da gashi a tanderun da zafinsa ya haura digiri 1,200.

Aka kai aikinta baje koli a Landan a 1958. Ta zagaya Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a. Ingila ta ba ta lambar MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi boko ba. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya da ta shahara a wannan sana'a a Ingila, nan ta zo ta koya a 1974. A wannan karo kaya daga Suleja suka fita, duniya ta karɓa. Ina jin daɗin wannan labari ƙwarai, kuma ina ganin duk ɗalibin firamare a garin nan ya cancanci a ba shi shi.

Sai dai labarin yana da ɗaya gefen. Tulun gargajiya yana tsatstsafar da ruwa kaɗan-kaɗan ta jikinsa, iska ta busa, ruwan ciki ya yi sanyi. Dalilin yin sa ke nan. Tulun da aka shafa wa ƙyalli aka gasa a tanderu ya toshe, ba ya tsatstsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa. Ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, ya yi tsadar da matar ƙauye ba za ta saya ba. Turawa da manyan ma'aikata suka zama masu saye, wurin zamansa ya koma falo da gidan tarihi. Siffarsa tana nan, har ta fi da kyau, amma aikin da aka san shi da shi ya tsaya. Wannan, Malama, shi ne abin da nake ji wa al'adunmu tsoro, fiye da ɓacewa ƙurmus. Ki dubi abin da matasa ke kira ranar ƙauyawa a bukukuwa: a ɗaura zanen saƙi, a ɗauki ƙwarya da ludayi, a yi zanen baki a fuska, a ɗauki hoto a sa a TikTok. Kayan kakanni sun fito fili, amma a matsayin kayan wasa na yini ɗaya, kuma da sunan da ke nuna na mutanen baya ne.

Sauran matan Gwari masu gini, waɗanda ba su je Landan ba, roba da tukunyar dalma da firij da ruwan leda ne suka rage musu kasuwa. Garin nan an san shi da saƙa da rini da tabarmi. Marina da masaƙa sun fara ja baya tun da yadin kanti ya yi araha, sannan masaƙun Kaduna da suka gaje su, tun daga KTL da aka buɗe a 1957, suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000 da yadin Sin ya cika Kantin Kwari da kasuwar IBB. Sana'a in ta daina ciyar da mai ita, ɗansa ba zai koya ba, kuma tana tafiya ne da kalmominta da kirarinta da sarautarta. Masu wa'azin a riƙe al'ada sukan manta da wannan, su ɗora wa yara laifin abin da kasuwa ta yi.

To me ya bambanta yau da zamanin Abu Kwaka, tunda baƙon abu ya daɗe yana zuwa? A da baƙon abu a hankali yake tafiya, kuma sai ya bi ta hannun wani kafin ya kai ga yaro: fatake, fada, malamin zaure, mai gida, uwa. Kowannensu yana tacewa. Ko silima, sai ka fita ka biya kuɗi, unguwa ta san ka je. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, musamman da intanet ta hau kanta, abu yana tasowa daga Legas ko Seoul ko Atlanta ya faɗa hannun yarinya 'yar shekara 12 a cikin ɗaki, ba wanda ya gani. Mai zaɓa mata kuma na'urar kamfani ce, wadda aka gina don ta riƙe idonta tsawon lokaci saboda kuɗin talla. Ba ta san ki ba, ba ta san Suleja ba. Wani masani ɗan asalin Indiya, Arjun Appadurai, ya yi wata lura a littafinsa na 1996 da ta dace da mu sosai. Ya ce mutane da hotuna da na'urori da kuɗi da ra'ayoyi duk suna yawo a duniya, amma ba da sauri ɗaya ba. A wajenmu hoto ya riga kuɗi isowa da nisa. Budurwa ta ga bikin 'yar attajiri a Instagram da safe, mahaifinta kuwa albashinsa na ƙaramar hukuma ne. Rigingimun lefe da kayan ɗaki da yawa daga wannan rata suke fitowa.

Amma in za ki tambaye ni abin da ya fi canza tarbiyya a Suleja, zan ce miki Abuja ce. A Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni. Masarautar nan ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da har sunanta, garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka sauka, shi ya sa har yau ake da Field Base. Da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, sannan aka yi rusau a Abuja tsakanin 2003 da 2007 lokacin ministancin Malam Nasir El-Rufa'i, duk wanda hayar birni ta fi ƙarfinsa sai ya gangaro nan, ko Madalla, ko Gauraka. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da dubu 200 a ƙaramar hukumar.

Ki duba abin da wannan ya yi wa gida. Fili ya yi daraja, sai magada suka raba gidan gado, zaure ya zama shago, ɗakin kaka ya zama na haya. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa an yi gini a kai. Mai gida yana fita da asuba ya bi ta Madalla da Zuba ya hau titin Kubwa, ba ya dawowa sai bayan isha'i, a gajiye. Sau da yawa uwar ma haka. Tatsuniya tana bukatar tsohuwa da yara a tsakar gida ɗaya da dare. Gaisuwa irin ta durƙuso tana bukatar yaro ya ga babansa yana durƙusa wa wani. Alkunya ana koyonta ne a gidan da surukai da 'ya'yan fari suke kai da kawo. Waɗannan abubuwa ba a koyar da su da baki, zama tare ne ke dasa su, kuma zaman ne hayar gida da neman abinci suka wargaza. Wayar ta zo ta tarar da gurbi ne ta zauna. Ba na faɗin wannan don in ce zuwan baƙi sharri ne. Sun kawo ciniki da makarantu da asibitoci, kuma ɗan Suleja da ya tashi da abokai Ibo da Tibi da Igala yana da wani wayo na zama da mutane da ɗan ƙauye ba shi da shi. Na faɗa ne don kada ki ɗauki laifin duka ki ɗora wa kanki ko 'ya'yanki.

Batun harshe kuwa, ki kwantar da hankalinki ta wani gefe. Hausa ba ta cikin harsunan da ke mutuwa. BBC tana watsa shiri da ita tun 1957, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ana kallon Labarina da Daɗin Kowa a zangon Kumasi da Kamaru da Sudan, ana bikin Ranar Hausa duk 26 ga Agusta. Intanet ma ƙara mata ƙarfi ta yi. Abin da ke cikin haɗari shi ne Hausar gidanki: ta zama ta cinikin tumatir da kiran mai acaɓa kawai, yaro ya girma bai san habaici ba, bai iya ta'aziyya ba, bai iya rarrashi ko ba da haƙuri da ita ba. A nan kuwa ke malamar makaranta kin fi ni sanin inda matsalar take. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake. Duk da haka makarantu masu zaman kansu da yawa suna cin tarar yaron da ya yi banakula, mu iyaye kuma muna murna in ɗan shekara uku ya ce Momi da Dadi ya jero Turanci a gaban baƙi. Yaro yana gane harshen da ake yi wa tafi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk shekaru shida na firamare, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Don haka in sun amsa miki da Turanci, kada ki bi su, kuma kada ki yi faɗa. Ki ci gaba da Hausarki, ki sa su kai saƙo wajen tsofaffin da ba sa jin Turanci, ki bar su su kwana a can ranar hutu.

Akwai wata magana da adalci ya sa dole in faɗa. Abin da kike ji game da Turanci, uwa Bagwariya ko Bakoriya a Gauraka ko Ija tana jin irinsa game da Hausa. Kakanninmu sun tarar da Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa a ƙasar nan. Yau 'ya'yan waɗannan da yawa Hausa ta fi zama a bakinsu fiye da harshen iyayensu, su kuma ba su da BBC, ba su da Kannywood. Sunan Ladi da kansa shaida ne kan yadda Hausa ta shiga gidajen Gwari tun da daɗewa. Mu ma masu rinjaye ne a kan wasu, kuma wanda ya san zafin abin bai kamata ya yi wa maƙwabcinsa dariya in ya ji yana yarensa a mota ba.

Sai bikin 'yarki. Shawarata ita ce ku zauna ke da ita ku ɗauki kowace al'ada ku tambayi abin da take yi. Kamu da sa lalle da wankan amarya da buɗar kai, aikinsu shi ne su tara gwaggwanni da innoni da kakanni da dangin ango mata a kan yarinyar, su san ta, ta san su, a yi barkwanci, a yi mata faɗa, kowa ta kawo gudummawarta wadda za a rama mata ran nata bikin. Ranar da aure ya yi tsami, waɗannan matan ne za su tashi su je biko ko sulhu. Dina kuwa a zauren haya ake yi, da katin shiga da mai kiɗa da mai kwalliya, tsofaffi ba sa zuwa, in sun zo ma ba a jin muryarsu, kuma kuɗin dare ɗaya yakan kai na kayan ɗaki. Tana da nata amfani wajen matasa, abokan makaranta da na aiki suna haɗuwa, ciki har da waɗanda ba Hausawa ba, kuma a gari irin Suleja wannan ba ƙaramin abu ba ne. In da hali, kuma an tsare sutura da iyakar addini, ni ba zan sa ki yi yaƙi a kan hoto ko liyafa ba. Inda zan so ki dage shi ne kada a soke zaman da dangi mata ke yi da amarya don a sami kuɗin zaure, kuma kada a ci bashi. In kalmar kamu ce ba ta so, ko turaren da ake fesawa, ko cinikin da ƙawaye ke yi, a sauya duk wannan, a bar taron. Ki tuna kuma, al'adun biki da dama ba Turawa ne suka kawar da su ba. Wa'azin malamai ne, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ya sa gidaje da yawa suka bar kiɗan ƙwarya suka koma walima. Bikin da ke kika yi ma ba irin na kakarki ba ne, kuma in kika faɗa wa 'yarki haka za ta fi sauraren ki.

Waya kuma, karɓewa ba zai yi magani ba ga wanda ya kai sakandare. Zai ara wajen aboki, ya koyi ɓoye miki, kuma rajistar JAMB da duba sakamako da neman aiki duk suna bukatar waya yanzu. Ƙananan kuwa, 'yan firamare, ba su da bukatar wayar kansu, kuma kina da cikakken iko ki ce a'a. Ga manyan, abin da na ga yana aiki a gidaje shi ne ƙa'ida kaɗan wadda iyaye ma suke bi: ba waya a kan tabarmar cin abinci, kuma in dare ya yi kowa ya ajiye tasa caji a falo. Ki riƙa zama kusa da su kina kallon abin da suke kallo, ki tambaya, ki faɗi ra'ayinki, don tacewar da fatake da malamin zaure suke yi a da yanzu ta dawo kanki. Sannan ki ba wayar aiki. Yayansu mai karatun zamantakewa za a nemi ya rubuta kundin kammala digiri. Ki tura shi wajen tsofaffin unguwar Magajiya da Wambai da Iku, ya naɗi muryarsu kan yadda ake biki da suna da hawan Sallah a da, ya je cibiyar ginin tukwanen da Ladi Kwali ta yi aiki ya ga abin da ya rage, ya nemi matan Gwari da har yanzu suke gini ya tambaye su nawa suke sayar da tulu, kuma ko 'ya'yansu suna koya. Ya tafi da ƙannensa su riƙe masa waya, kuma tun kafin su fita ki gaya musu cewa da Hausa za a yi gaisuwa da tambaya.